Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

 

Yau zancen fim za mu yi, kuma fim ɗin ban tsoro. Na san wata za ta ce me ya haɗa filin iyali da labarin fatalwa. Ki ɗan daure ki karanta zuwa ƙarshe, 'yar'uwa. Fim ɗin ya raba kan matan da na san sun kalle shi a nan Ringim, kuma da na saurari gardamar tasu da kyau sai na ga rabinta ne kawai ya shafi fim. Sauran rabin a kan yadda muke zama da macen da ta binne ɗanta ne.

Sunan fim ɗin His House, wato gidansa. Netflix ta fitar da shi a ƙarshen watan Oktoba na 2020, tsawonsa kimanin awa ɗaya da rabi, da Turanci aka yi shi da ɗan harshen Dinka na Sudan ta Kudu. Wanda ya ba da umarni, Remi Weekes, ɗan Ingila ne, kuma wannan ne dogon fim ɗinsa na farko, ya ci lambar yabo ta BAFTA da shi a 2021. Sope Dirisu ne ya fito a mijin, Wunmi Mosaku ta fito a matar. Ita Wunmi a Zariya aka haife ta a 1986, kafin iyayenta su koma Manchester da ita tana jaririya.

Zan faɗa miki tun yanzu, zan tona ƙarshen labarin, domin gardamar ba za ta fahimtu ba sai da shi. Idan kina son ki fara kalla, ajiye wannan shafi ki dawo daga baya.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

Bol da matarsa Rial sun gudo daga yaƙin basasar Sudan ta Kudu, ƙasar da ta samu 'yanci a 2011, yaƙi ya ɓarke mata a Disambar 2013. Sun ƙetara teku a ƙaramin jirgin ruwa da aka cika maƙil da mutane, yarinyar da ke tare da su, Nyagak, ta nutse a hanya. Da suka isa Ingila aka ba su wani tsohon gida duk ya lalace, aka gindaya musu sharuɗɗa: ba su da izinin yin aiki, ba su da izinin sauya gida, in sun saɓa ana iya mayar da su inda suka fito.

Da dare sai bangon gidan ya fara motsi. Ana jin muryoyi, ana ganin fuskoki ta ramukan bango, har da fuskar yarinyar. Rial ta ce wani abu ne ya biyo su daga teku, abin da Dinka ke kira apeth, kusan abin da mu za mu kira maye, kuma bashi ya zo karɓa. Bol ya ce sam, nan ne gidansu yanzu. Ya ƙone kayan da suka zo da su, ya dage sai an yi Turanci a gida, an ci abinci da cokali mai yatsu, ya ɗauki guduma yana fasa bango yana neman abin da ke ciki.

Can kusa da ƙarshe gaskiya ta fito. Nyagak ba 'yarsu ba ce. Ranar gudun, motar da za ta kwashi mutane ta cika, masu yara kawai ake bari su shiga. Bol ya sunkuci 'yar wata mata a cikin turmutsitsi ya ce tasu ce, mota ta tashi, uwar yarinyar tana bin ta da gudu tana kururuwa. Ita kuwa Rial, don tsabar abin da ta gani, zuciyarta ta binne wannan rana, ta yarda cewa ita ta haifi yarinyar. Sai da kowannensu ya fuskanci abin da ya faru sannan gidan ya lafa. Suka gyara bango suka ci gaba da zama, waɗanda suka mutun suna nan a ransu, amma sun daina firgita su.

Waɗanda suka ce fim ɗin ba ya tafiya

'Yar yayata da ke karatu a Dutse ce ta zo da fim ɗin a wayarta lokacin hutu, kuma ita ta riƙa fassara mana. Matan da muke adashi tare suka kalla, yau biyu gobe uku, har ya zagaya.

Mafi yawansu hukunci ɗaya suka yanke: fim ɗin ba ya tafiya. Mutum zai zauna ya zuba wa bango ido, ba magana, ba waƙa, ba faɗa. Akwai wuraren da za ki zabura har ki kusa yar da waya, amma tsakaninsu shiru ne mai tsawo. Wata ta ce ita in an ce fim ɗin ban tsoro, so take dodo ya fito a gan shi, a fafata, a gama. Wata ta tashi tun kafin a kai rabi ta ce gara ta je ta ƙarasa wanke-wankenta.

Ban ga laifinsu ba. Mun saba da Indiya-Hausa, inda mai fassara ba ya barin minti ɗaya ya wuce bai saka dariya ba. Mun saba da Labarina da Daɗin Kowa, inda kowane kashi ke ƙarewa a daidai inda zai hana ki barci. Macen da ta wuni tsakanin murhu da wanki, ta biya kuɗi aka yi mata cajin waya, tana da haƙƙin ta nemi abin da zai ɗebe mata gajiya. Idan nishaɗi kike nema, wannan fim zai ci miki caji a banza.

Waɗanda suka ce matacce ba ya dawowa

Kashi na biyu ta fuskar addini suka zo. Suka ce wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa ya shiga bangon kowa, don haka fim ɗin ƙarya yake koyarwa. A kan aƙida gaskiyarsu ce, ba na jayayya da su ko kaɗan. Apeth camfin Dinka ne, kamar yadda mu ma muka taso muka tarar da labaran fatalwa da na mayu masu kama kurwa. Duk wadda ta ji zuciyarta ba ta natsu da kallon irin wannan ba, ta bar shi, ba ta yi asarar komai ba.

Sai dai ina so ki lura da wani abu. Matar da ta rasa ɗa, idan ta amince da ke, sau da yawa za ta gaya miki cewa ta ji kamar muryarsa a zaure, ko ta ji takun sawunsa lokacin tashi daga makaranta, ko ta hango shi cikin yara ta waiga ba ta ga kowa ba. Wannan sananne ne a wurin likitoci. A 1971 wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya tattauna da mata da maza kusan 300 waɗanda abokan zamansu suka rasu, ya tarar kusan rabinsu sun taɓa jin kamar mamacin yana kusa da su, wasu har sun ji kamar muryarsa ko sun ga kamar shi. Yawancinsu mutane ne masu cikakken hankali. Mamaci bai dawo ba. Zuciyar da ta shekara goma tana sauraron wata murya ce ba ta daina saurare a kwana arba'in.

To me muke yi idan mace ta furta irin wannan a cikinmu? Wasu su ce aljanu sun shafe ta. Wasu su fara raɗe-raɗin cewa ta taɓu. Mafi muni, wasu su ce kurwar yaron aka kama, a fara nuna wata tsohuwa a unguwa da baki. Saboda haka mata da yawa ba sa faɗa. Suna kwana da abin su kaɗai.

Wadda ta yi shiru

Akwai ɗaya a cikinmu da ba ta ce komai ba ranar da ake ta gardamar. Ɗanta ya rasu shekarun baya yana ɗan firamare, zazzaɓin kwana biyu. Bayan kwanaki muka haɗu a hanyar Islamiyya, ita da kanta ta ɗauko zancen. Ta ce wannan shirun da ake kuka da shi, shi kaɗai ne abin da ta gane a fim ɗin. Fatalwar ba ta tsorata ta ba. Abin da ya taɓa ta shi ne yadda Rial ke zaune ita kaɗai a ƙasa da rana tsaka, tana juya 'yan duwatsun wuya da suka rage mata na yarinyar, lokaci ya ƙi tafiya.

Ta ce kwana ukun zaman makoki su ne masu sauƙi, gida cike, ana ta shige da fice da kwanukan abinci. Wuyar tana farawa ranar da aka naɗe tabarmi. Ta yi watanni tana auna shinkafa da rabonsa, sai ta zo rabawa ta ga kwano ɗaya ya yi yawa. Kuma da yake ɗan fari ne, tun yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kara, da ya mutu ma ba ta samu bakin kira ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muka ce fim ɗin ba ya sauri, ina ganin da irin wannan idon muke kallon maƙwabciyarmu mai baƙin ciki. Muna so ta yi kuka kwana uku, ranar bakwai ta ɗan saki fuska, bayan arba'in ta dawo yadda muka san ta. In ta wuce haka sai mu gaji da ita, mu ce ai ba a kanta aka fara mutuwa ba.

Kakanninmu sun san wannan ciwo sarai. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da ake sa wa 'ya'yan mai wabi sun fito ne daga bakin uwar da ta binne 'ya'ya har ta fara tsoron nuna tana son wanda ke hannunta.

Gardama a kan mijin

Inda murya ta fi tashi shi ne a kan Bol. Wasu suka ce ɓarawon yara ne, duk abin da ya same shi shi ya ja, alhakin uwar nan da ta bi mota da gudu ba zai bar shi ba. Wasu suka ce matarsa ya so ya tsirar, kuma babu wadda ta san abin da za ta aikata in ana harbi a bayanta ƙofar mota tana rufewa a gabanta. Ni ina ganin fim ɗin bai wanke shi ba. Laifin da ya yi laifi ne, kuma bai samu barci ba sai da ya daina musun sa.

Amma abin da ya fi kama da gidajenmu shi ne halinsa bayan mutuwar. Shi yana so a ƙone kaya a manta, ita tana so a riƙe a tuna. Sau nawa kika ji maigida ya ce a kwashe kayan yaron a bayar tun kafin sati, ya hana a ambaci sunansa, ya ce maganar ta wuce? Matar sai ta ɗauka bai damu ba. Sau da yawa ya damu, kawai tun yana yaro aka koya masa cewa namiji ba ya kuka, shi ya ɗauki gawar a hannunsa zuwa maƙabarta, kuma ba shi da inda zai kai abin da ya gani. Idan kina cikin wannan hali, kada ki yanke masa hukunci da shirunsa. Shi ma kuma bai kamata ya ƙwace miki rigar da kika ɓoye a ƙasan akwati ba. Ki nemi lokacin da ya natsu ki gaya masa cewa ke tunawar ce take sanyaya miki rai.

Abin ba nesa yake da mu ba

Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura da ke maƙwabtaka da mu, ta kama da wuta. Fiye da mutum 150 suka rasu, aka yi jana'izar da yawansu a kabari ɗaya, aka kawo waɗanda suka ƙone asibitin Ringim da na Haɗeja, wasu aka wuce da su Kano. Kafin nan, ambaliyar 2022 ta rusa gidaje ta ci rayuka a wannan yanki namu. Manyan baƙi sun zo jaje sun koma, 'yan jarida sun ɗauki hoto sun tafi. Iyayen waɗannan samari suna nan, wasunsu ko fuskar ɗansu ba su samu gani ba kafin a rufe shi.

Kuma da yawa suna ɗauke da irin kayan da Bol ya ɗauka, ko da yake su ba su saci ɗan kowa ba. Wata tana cewa da ta hana shi fita a daren nan. Wata tana cewa da ta kai yarinyar asibiti tun ranar farko. Wannan "da na sani" ita ce ke hana barci, kuma ba ta jin "ki yi haƙuri" sau ɗaya. Tana buƙatar wanda zai zauna ya saurara, ya tuna mata a hankali cewa ajali ba a hannunta yake ba, yau ya faɗa, gobe ma ya sake faɗa.

Addininmu bai hana hawaye ba. Abin da ya hana shi ne kururuwa da yage tufafi da marin fuska da furta kalaman fushi da hukuncin Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki a littattafan tarihi. Annabi Yaƙubu ya yi shekaru yana jimamin Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suna ganin ya cika ambatonsa, kuma duk da haka shi ne ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa. Kwana uku da shari'a ta iyakance, da wata huɗu da kwana goma na takabar miji, iyaka ce ta zaman makoki da barin ado. Ba a sa wa zuciya ranar da za ta daina kewa ba.

Lokacin da ya kamata a je asibiti

Yawancin mutane, da addu'a da taimakon dangi, sannu a hankali suna komawa harkokinsu ko da ciwon bai gushe ba. Amma akwai waɗanda abin ke tsaya musu wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta saka baƙin cikin rashi mai tsawo a matsayin lalurar da ake dubawa: idan an haura aƙalla wata shida, fiye da yadda aka saba a al'adar mutanen, kewar tana nan da zafinta kamar ranar farko, har ta hana mutum gudanar da rayuwarsa.

Ki kula da waɗannan alamu a jikinki ko a jikin 'yar'uwarki: ta daina cin abinci tana ta ramewa, ba ta barci, ta daina kula da sauran yaran, ta daina wanka da fita, ko muryoyin da take ji sun koma suna tsorata ta ko suna ba ta umarni. Idan kuwa ta fara cewa gara ta bi shi, ko tana zancen kashe kanta, wannan ba a jiran wata shida, ranar za a kai ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai. A fara da babban asibitin da ya fi kusa, likita zai tura ku inda ya dace. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna, kuma zuwa wurin ba ya nufin an haukace.

To, a kalla ko kada a kalla?

Yara dai kada su kalla. A Ingila ma 'yan shekara 15 zuwa sama aka ƙayyade wa shi, akwai jini da gawarwaki a ciki. Kin san yadda wayarki ke yawo a hannunsu da zarar kin shiga kicin, don haka idan kin sauke shi ki goge bayan kin gama. Mai sabon rashi, musamman wadda nata ya tafi ta ruwa ko ta wuta, ban ba ta shawarar kalla ba, kuma kada wata ta tura mata da sunan zai taimake ta. Mai juna biyu da mai saurin firgita su ma su haƙura. Sauranmu, wadda take so ta kalla da rana, tare da wata.

Wadda ba za ta kalla ba ma ga abin da za ta iya yi a wannan mako. Ki tuna wata a unguwarku ko a danginku da aka yi wa rasuwa wata uku ko shekara guda da ta wuce, wadda kowa ya daina zuwa wurinta. Ki je. Ba sai da ƙunshin komai ba, kuma ba sai kin yi wa'azi ba, ta riga ta ji wa'azin. Ki kama mata tsintar shinkafa ko ki yi wa ƙaramar 'yarta kitso. Idan ta ɗauko zancen yaron kada ki kawar da shi, ki bar ta ta faɗi abincin da yake so da ƙiriniyar da yake yi. In kin san shi, ki gaya mata wani abu nasa da kike tunawa. Idan ta yi kuka ki bar ta ta yi. Idan ta yi shiru ki zauna da ita a cikin shirun, ko da kin ji ya yi miki tsawo.

Ina son jin ta bakinku a ƙasan wannan shafi. Wadda ta kalli fim ɗin, wane ɓangare kike? Wadda aka taɓa yi wa rashi, wace magana ce aka faɗa miki ta sanyaya miki rai, wace ce kuma ta ƙara miki ciwo ko da mai faɗar da alheri ta nufa? Ku rubuta don mu koya daga juna, amma don Allah kada a ambaci sunan kowa ko gidan kowa, kuma kada a yi wa wadda ta buɗe cikinta gorin rashin tawakkali.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sanyaya zukatan iyayensu, Ya raya mana waɗanda ke gabanmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.